Sawun Yatsu a Cikin Gishiri

Kafin gari ya yi haske Mai Hannu ta riga ta tsaya a kicin. Takan buɗe kwanon alkamar da ta jiƙa tun jiya, ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta ta ji ko ta yi laushi, sannan ta tsiyaye ruwan ta ɗora a wuta kaɗan. Tagar kicin ɗin tana kallon matakalar benen da muke haya, ni kuwa a daidai lokacin nake dawowa daga aikin dare a masaƙa, inda nake makanike. Abin da zan faɗa ba a bakin mutane na tsince shi ba. Wani ta tagar nan na gan shi, wani ita ta gaya mini, kuma ba mace ce mai ƙarin gishiri a magana ba.

A ɗakin cin abincin masaƙar aka laƙaba mata sunan. Can ta yi girki tun tana iya sauke tukunya ita kaɗai har gwiwoyinta suka fara ƙara. Ba ta awo da cokali, ba ta ɗanɗanawa. Sai ta miƙa hannu ta tsakuro gishiri ta watsa tana faɗa da mai wanke-wanke, ko kallon abin da ta ɗebo ba ta yi, kuma ba a taɓa dawo mata da kwano an ce ya yi yawa ko ya kasa ba. In masu koyo suka tambaye ta nawa ake zubawa, sai ta ce, "Ku tambayi hannun, ni ban sani ba." A lokacin dariya ake yi wa maganar.

Mijinta shi ne ke tuƙa bas ɗin ma'aikata, don haka kowa Direba yake ce masa, har ita. Ƙato ne mai surutu, mai son abin daɗi. Karin kumallonsa farin burodi ne da ƙwai yana iyo cikin mai, da shayin da sukari ya kusa tsayar da cokali. Yana da wata ɗabi'a guda. Kullum da safe sai ya jingina da ƙofar kicin yana jira, ba zai tafi wanke hannu ba sai ya ga ta barbaɗa gishiri a kasko. Da ya gani sai ya ce, "To, yanzu abinci ya zama abinci."

"Ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashin goro," takan ce.

"Hannun na aura, ke rakiya kika yi."

Bayan sun ajiye aiki, wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai ɗago ba. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa ba ta takawa, hannu yana kwance a kan zanin gado kamar an manta da shi. Duk surutun nan ya tafi, kalma ɗaya aka bar masa: "To." Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce hawan jini ne, ban da gishiri, ban da dunƙulen miya, mai kaɗan, sukari a manta da shi. In jinin bai sauka ba na biyu yana tafe, kuma na biyun ba ya barin ko kalma ɗaya.

'Yarsu, Auta, wadda ke aure a wata unguwa, ta ja sif ɗin kaya ta karkata madubinsa yadda daga kan gado zai riƙa hango kicin, don kada kaɗaici ya cinye shi. Mai Hannu kuwa ta ɗaura ɗamara. Mace mai shekara da shekaru a bakin wuta ta koma koyon girki daga farko, kuma da karin kumallo ta fara, don shi ne abincin da ya fi damuwa da shi.

Alkamar nan idan ta dahu ta fashe, sai ta zuba madara, ta dame ayabar da ta nuna har bawonta ya fara baƙi, ta yayyanka dabino ƙanana, ta daka gasasshiyar gyaɗa ta watsa a kai da ɗan garin kirfa. Ba sukari, amma ba ka nemansa. Ƙwai kuwa ta daina soya shi a tafkin mai. Cokali ɗaya take shafa wa kasko, ta bar albasa ta yi taushi a ƙaramar wuta har zaƙinta ya fito, ta sa tumatir da tafarnuwa da alayyafo, ta fasa ƙwai a kai ta rufe, in ta sauke ta matsa lemon tsami. Ta koyi gasa burodi da garin alkamar da ba a cire masa dusa ba. Wata rana dankali mai zaƙi ne dafaffe, a murƙushe shi da madarar da ta kwana ta yi kauri. Wata rana wake ne da ya dahu luguf da citta, da gwanda a gefe. Benen gaba ɗaya ya riƙa tashi da ƙamshinta.

Direba yana ci. Da cokali take ba shi, yana sharce faranti. Har ta fara yi masa tsiya.

"Ashe dai duk cika bakin nan na banza ne. Ga ka kana lashe lami kamar ɗan akuya."

"To," in ji shi, idonsa yana kan madubi.

Akwai nas da ke zagayowa gida tana auna shi, yarinya ce siririya marar yawan fara'a. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Mama, jinin nan bai sauka ba."

"Yana shan maganinsa."

"Na ga kwalin. Ba magani nake tambaya ba. Yana cin gishiri."

"A gidan wa?"

"Ni dai abin awo ba ya ƙarya."

"Ni ce nake yi ke nan, 'yar nan."

"Ban ce ba, Mama. Amma wani yana ba shi, kuma mai ba shin ba taimakonsa yake yi ba."

Zarginta ya fara sauka kan tsofaffin abokan aikinsa masu zuwa dubiya, ta tsaya a ƙofa tana sa su zazzage aljihu. Ɗaya ya ce, "Mai Hannu, kin koma kwastan ne?" Ta ce, "Na koma. Fito da ƙunshin naman nan ko ka koma da shi cikinka a waje." Suka daina kawowa. Jinin bai sauka ba.

Gishiri ɗaya ne a gidan, cikin wata kwalba mai faɗin baki a kan kantar katako, kusa da murhu. Saboda nata abincin ta bar shi, a farantinta kawai take sawa. Sai ta daina ko wannan. Da yamma ta ɗauki bayan cokali ta shafe saman gishirin ya yi sumul, ta rufe. Ƙofar gida a kulle take, daga ita sai shi.

Washegari ta gama girki, ta ciyar da shi, ta wanke faranti, sannan ta buɗe kwalbar. A tsakiyar gishirin akwai sawun yatsu uku, sun nutse, sun haɗe a ƙasa.

Ta shiga ɗaki ta ɗaga mataccen hannun nan ta duba ƙarƙashin farata, ta duba mai lafiyar ma. Ba komai. Ta kalli ƙafar da ba ta takawa, ta kalli nisan da ke tsakanin gado da kicin.

"Direba, kai ne?"

"To."

"Kada ka ce mini to. Wa ke shiga kicin ɗina?"

Ya kalle ta da ido ɗaya da ke motsi sosai.

Ta sake shafe saman gishirin, ta hau kujera ta ɗora kwalbar can saman kabad inda ba a kaiwa sai da tsani, ta mayar da kujerar ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Da safe bayan ta ciyar da shi ta juyo, sai ga kujerar a gindin kabad. Ba ta tuna ta jawo ta ba. Ta hau. Yatsu uku.

Daga ranar ta daina sakin jiki a kicin ɗinta. Tana yanka albasa tana waiwaye. In tukunya ta yi motsi sai gabanta ya faɗi. Ta koma girki a karkace, bayanta na jingine da bango, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Na wuce ta tagar na gaishe ta, ta zabura har wuƙa ta faɗi. Ta ce mini, "Makanike, da kake hawowa ba ka ga kowa a matakala ba?" Na ce ban ga kowa ba. Ta ce, "Ni ma ban gani ba. Shi ne abin."

Ran Asabar Auta kan zo, sai su jinkirta abincin safe zuwa hantsi su ci tare, a yi shi da ɗan yawa ya kai su la'asar. Uwar ta gaya mata komai. Auta ta ce tsufa ne da rashin barci, ta zauna a bakin ƙofar kicin tana ɓare tafarnuwa suna hira. Hirar famfon bene ce da ya ƙi kawo ruwa. Mai Hannu ta fasa ƙwai a kan alayyafo tana cewa mai gidan hayar nan in ba a rutsa shi ba ba zai gyara ba. Tana cikin maganar ƙafarta ta jawo kujera, ta hau, ta buɗe kwalba, ta tsakuro, ta rufe, ta sauko, ta barbaɗa. Maganarta ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Idonta yana kan Auta.

Tafarnuwar ta zube daga cinyar yarinyar.

"Umma, me kika yi yanzu?"

"Me na yi? Ƙwai na fasa."

"Bayan ƙwan."

"Na rufe kasko. Ke lafiyarki?"

"Lashi yatsunki."

Ta kalle ta kamar za ta zage ta, sannan ta kai yatsa baki.

Ta ce mini daga baya da ta ga aljani a kicin ɗin da ya fi mata sauƙi, don shi a iya kore shi. Ta zauna a kan kujerar ta riƙe hannun damanta da na hagu, tana kallonsa kamar abin da aka tsinto a hanya. Hannun da ya ciyar da masaƙa guda shi ne yake tura mijinta rami kowace safiya, kuma bai nemi izininta ba. Da ta ɗaga kai sai idonta ya faɗa cikin madubin sif. Direba yana kallonta. Ashe duk kwanakin nan yana gani.

"Ka sani," ta ce. "Kana kwance kana kallo ka bar ni ina cajen aljihun mutane."

"To," ya ce, gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga.

"Sabo turken wawa," in ji Auta a hankali.

"Rufe mini baki."

A ranar ta shafe saman gishirin, ta miƙo mini kwalbar ta taga ta ce in tafi da ita, kada in dawo da ita ko ta roƙe ni. Ta goge kantar da ruwan zafi. Daga nan ta riƙa girki da hagu, hannun dama kuwa ta cusa shi cikin ɗaurin zaninta ta matse.

Jinin ya sauka. Direba kuma ya rufe baki.

Ta kai cokali, ya datse haƙora. Ta lallashe shi, ta yi faɗa, ta yi masa barazanar asibiti. Ta fito da duk dabarar da ta sani. Ta soya riɗi ta daka, ta dafa tumatir har ya ƙone ruwansa ya yi ɗanɗano mai ƙarfi, ta kankare bawon lemo a kan ƙwai, ta gasa tafarnuwa ta shafa wa burodi. Ni na ci wasu daga ciki, abinci ne da ba za ka raina ba. Shi ko kallon farantin ba ya yi. Tun tana kicin yake kafa wa madubi ido har ta sauke kasko, sannan ya juya fuska bango. Sai ruwa da ɗan shayi. Ƙaton mutumin nan ya fara zubewa, ƙashin wuyansa ya fito, zoben hannunsa ya riƙa yawo.

Nas ta ce, "Jini ya yi kyau, Mama. Amma in ya ci gaba a haka za a mayar da shi a zura masa roba ta hanci."

Auta ta ce, "Umma, ki sa masa ɗan kaɗan mana. Kaɗan ba ya kisa."

"Hannuna bai san kaɗan ba. Daidai ya sani, daidai ɗin ne kuma ya kwantar da shi."

Gaba kura, baya sayaki. In ta sa, jini ya kashe shi, in ba ta sa ba, yunwa. Ita ma ta rame. Ta daina tsokanata in na wuce.

Wata asuba na hawo matakala na gan ta a tsaye gaban kasko, kafaɗunta a zube. Gajiya ta sa ta manta ta ɗaure hannun. Ta fasa ƙwai, ta tsaya tana kallon yadda farin yake kamawa. Sai hannun ya tashi. Ya miƙe zuwa kan kantar, daidai inda kwalbar take a da, inda yanzu ba komai sai katako. Yatsu uku suka haɗu suka tsakuro, hannun ya dawo kan kasko ya murza, ya zagaya, ya kakkaɓe. A wannan karon tana kallo. Ba ta hana shi ba, ba ita ta aike shi ba kuma. Fuskarta irin ta wanda ya ga baƙo ya shigo ɗakinsa ya san inda komai yake.

Daga cikin ɗaki muka ji, a sarari, da wata murya da ban ji ba tun kafin ya faɗi:

"To."

Ta zuba a faranti ta shiga. Na tsaya a matakala kamar marar aikin yi. Ban ji lallashi ba, ban ji faɗa ba, sai ƙarar cokali a faranti har ya koma karta wofi.

Daga ranar yana ci. Kowace safiya hannun yana zuwa kan katakon nan ya dawo, shi kuma yana jira a madubi. Nas ta auna ta ce jini yana nan ƙasa lafiya lau, a ci gaba da abin da ake yi. Mai Hannu ba ta gaya mata abin da ake yi ba.

In da nan labarin ya tsaya, da na ce tsoho ne mai taurin kai da aka yi wa wayo, ido ya ci kafin baki. Haka Auta ta ce, tana dariya, har Asabar ɗin da ta ɗebi ƙwan ta kai baki. Ta ajiye cokali.

"Umma, ina kika ɓoye shi?"

"Me?"

"Akwai gishiri a nan."

Ta birkice kicin ɗin. Ta zazzage gwangwanaye, ta leƙa bayan murhu, ta duba ɗaurin zanin uwarta, ta lashi katakon kantar ma. Ba ta sami ko ƙwaya ba. Ta sa uwar ta ɗanɗana, uwar ta ce ita lami take ji, kamar kullum. Suka kira ni in raba gardama, tunda na ci girkinta shekaru a masaƙa kuma kwalbar tana ɗakina a rufe.

Na ci. Ni ba malami ba ne, ba likita ba, injin saƙa nake gyarawa, kuma ba na son zancen da ba a iya riƙe shi da hannu. Akwai gishiri. Bai yi yawa ba, bai kasa ba.

"Ya ka ji, Makanike?"

"Ya yi daɗi," na ce.

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce ina da barci a ido, na tafi. Da na shiga ɗaki na buɗe kwalbar. Samanta sumul, yadda ta ba ni ita.

Ba mu sake tayar da maganar ba. Direba ya mayar da jikinsa, har ya fara zama a kujera. Wurin da yatsun ke taɓawa a kan kantar ya yi ɗan haske, ya lotsa kaɗan, kamar bakin matakalar da aka daɗe ana takawa. Auta ta daina cin ƙwai a gidan. Mai Hannu kuwa ta koma girki da bayanta a sake, ba ta waiwaye. Ta ce mini sun yi sulhu da hannun, ba ta tambayarsa, shi ma ba ya gaya mata.

Da damina ta wuce Auta ta samo musu ɗaki a ƙasa kusa da ita, don a daina ɗaukar tsoho a matakala duk ranar asibiti. An kwashe kaya tun jajibiri. Wani kafinta ya cire kabad da kantar, don nasu ne, ya bar ramukan ƙusa a bango. Sif ɗin ma an sauke shi, ba madubi. Abin da ya rage katifar da Direba ke kwance a kai, da murhu, da kasko ɗaya.

Da asubar tafiyar na hawo na same ta tana yi masa na ƙarshe a gidan. Albasa ta yi taushi, alayyafo ya kwanta, ta fasa ƙwai. Ta ɗago ta gan ni.

"Makanike, ka riƙe kwalbar, ta zama taka. Ka rage ci dai, na ga wuyanka ya fara kauri."

Tana maganar hannun ya miƙe zuwa bango, inda babu kanta, babu katako, sai iska. Yatsu uku suka haɗu. Ta murza su a kan kasko, benen kuwa shiru yake, na ji wani abu yana sauka a kan ƙarfe mai zafi, tsit-tsit, kamar ɓarɓashin yashi. Daga ɗakin da babu madubi aka ce, "To."

Ta kakkaɓe yatsunta a jikin zani, ta rufe kaskon.